Yadda Ake Zagaya Tsohon Birnin Kalaba a Fahimci Tarihinsa da Gine-ginensa

Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, tana zaune a kan tudu tsakanin koguna biyu, Kogin Kalaba daga yamma da Kogin Kwa daga gabas, kuma ruwansu yana gangarawa zuwa babbar mashigar Kogin Kuros kafin ya faɗa Tekun Atlantika. Yawancin baƙin da ke zuwa a mota ko a jirgin sama sabon gari suke fara gani, wato manyan tituna masu itatuwa da shataletale da ofisoshin gwamnati, har su koma gida ba su san cewa ta bayan gari suka shigo ba. Tsohuwar Kalaba kogi take fuskanta, domin ta ruwa arzikinta ya zo, ta ruwa aka fitar da bayi da manja, kuma ta ruwa aka kawo mafi shaharar tsofaffin gidajenta a wargaje cikin jirage, aka harhaɗa su a nan. Saboda haka mai son fahimtar garin ya fara daga bakin ruwa, ya riƙa hawa sannu a hankali, domin a haka tarihin ya jeru: fataken ƙabilar Efik a bakin gaɓa, sannan Turawan mishan a tudun da ke bisa unguwanninsu, daga baya kuma gwamnatin mulkin mallaka a kan nata tudun.

Shirin tafiya

Ruwan sama a Kalaba yakan kai kusan milimita 3,000 a shekara, kuma damina tana cinye mafi yawan watanni, daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba. Tun da yawon nan na ƙafa ne, ya fi kyau a zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Sai dai a tuna cewa tun shekarar 2004 ake gudanar da babban bikin kanibal na garin a watan Disamba, lokacin da masaukai ke cika, a kuma rufe wasu tituna, don haka wanda tsofaffin gine-gine suka kawo shi zai fi samun natsuwa a Janairu. Akwai jiragen sama daga Abuja da Legas da ke sauka a filin jirgin sama na Margaret Ekpo, mai zuwa a mota daga Arewa kuwa yakan bi ta Makurɗi da Katsina-Ala da Ogoja da Ikom. Kwana biyu sun isa a ga cikin gari, na uku kuma a ware shi domin tsallaka kogi.

Bahaushe ba zai rasa wurin sauka ba, domin a tsakiyar gari, ba nisa da Kasuwar Watt, akwai unguwar Bogobiri, inda Hausawa suka daɗe da zama, da masallaci da 'yan canji da masu tsire. A nan ne ya fi sauƙi a sami wanda zai haɗa baƙo da ɗan jagora amintacce. Game da abinci, miyar edikang ikong da ta afang da kuma ekpang nkukwo, wanda ake yi da gurzajjen gwaza a naɗe cikin ganye, su ne abin alfaharin masu garin, kuma sun cancanci a ɗanɗana. Musulmi dai ya tambayi irin naman da ke cikin tukunya, ya kuma san cewa inda aka rubuta 404 a jikin allon gidan abinci, naman kare ake nufi.

Kafin a fita yawo, a riƙe cewa al'ummomi uku ne masu garin, kowace da sarkinta. Efik suna da Obong, mutanen Qua suna da Ndidem, Efut kuma suna da Muri Munene. Tarihin bakin kogi galibi na Efik ne, amma kuskure ne baƙo ya yi magana a gaban ɗan Qua ko ɗan Efut kamar Efik kaɗai suka mallaki ƙasar. Haka kuma tsohuwar Kalaba ba gari ɗaya ba ce, tarin garuruwa ce masu gasa da juna: Atakpa da Turawa suka kira Duke Town, Obio Oko wato Creek Town, Obutong wato Old Town, da Nsidung wato Henshaw Town. Wanda ya haddace waɗannan sunaye huɗu zai gane rabin abin da ɗan jagora zai faɗa masa.

Bakin kogi

A fara da titin Marina da sassafe, a tsaya a dubi faɗin kogin kafin a shiga kowane gini. Tun daga ƙarni na 17 jiragen Turawa, musamman na Bristol da Liverpool, ke shigowa nan su yi watanni suna jiran kaya. Abin da ya bambanta wannan gaɓa da ta Gana, inda Turawa suka gina manyan ganuwowi na dutse, shi ne cewa Efik ba su bar su sun kafa sansani a tudu ba. Bature yana zaune a jirginsa, daga baya ma a cikin tsofaffin jirage da aka daina tafiya da su, aka ɗaure su a kogi aka yi musu rufi suka zama kanti da wurin kwana. Kafin a fara ciniki sai ya biya kuɗin fito da ake kira komi, sannan ya ba attajirin Efik kaya bashi, kamar yadi da bindiga da barasa da sandunan tagulla, shi kuma ya tura kwalekwalensa kasuwannin cikin ƙasa, inda fataken Aro, wani reshe na Ibo, ke kawo bayi. Matsayin attajirin ya yi kama da na fatoma a fataucin goro na da, wanda baƙon falke ba ya saye ba ya sayarwa sai ta hannunsa. Don haka kada baƙo ya ɓata lokaci yana neman kurkukun dutse irin na Elmina da ke Gana, ba a gina shi a nan ba.

Abin da ya riƙe wannan ciniki na bashi shi ne ƙungiyar Ekpe, ƙungiyar asiri ta maza mai alamar damisa, wadda ita ce kotu kuma ita ce 'yan sanda a wancan zamani. Tana da matakai da ake saye da dukiya, tana iya rufe gidan wanda ya ƙi biyan bashi, tana iya hana kowa hulɗa da shi, har wasu kyaftin-kyaftin na Turawa sun sayi shiga cikinta domin su karɓo bashinsu. Ekpe tana nan da ranta har yau, kuma a nan ne baƙo ya fi bukatar ladabi. Kada ya shiga zauren Ekpe, kada ya ɗauki hoton dodonta sai da izini, kuma kada ya sayi shuɗin zanen ukara ya ɗaura, domin alamomin nsibidi da ke jikinsa rubutu ne, zanen kuma na 'yan ƙungiya ne. Bayin da aka kwasa daga wannan yanki sun kai al'adar har Kyuba, inda aka kafa ƙungiyar Abakuwa a Regla, kusa da Habana, a 1836.

A harabar Marina Resort akwai gidan tarihin cinikin bayi, wanda ya dogara da mutum-mutumi da sautuka domin nuna yadda ake kama mutane da ɗaure su da jera su cikin jirgi. Yana da amfani, musamman ga yara, amma bai kai gidan tarihin da za a gani a tudun gwamnati zurfi ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar daga gaɓar Biyafara, wato bakin tekun wannan yanki, baki ɗaya, kuma bayan Bonny, Kalaba ce tashar da ta fi kowace fitar da su. A tambayi ɗan jagora labarin 1767, shekarar da kyaftin-kyaftin na Ingila suka gayyaci manyan Obutong cikin jiragensu da sunan sulhu, alhali mayaƙan Atakpa na ɓoye cikin kwalekwale. An kashe mutum wajen 300, aka sayar da biyu daga gidan sarautar Obutong, waɗanda suka yi bauta a Dominika da Bajiniya, suka kai Bristol, suka sami 'yancinsu ta hanyar shari'a, suka dawo gida a 1774. Daga wannan kisa na 1767 ne Atakpa ta mamaye kasuwar kogin, kuma shi ya sa manyan gidajen da za a gani na unguwarta ne.

Gidajen da suka zo a jirgi

Daga Marina sai a hau cikin Duke Town a ƙafa, domin lungunan sun yi wa mota ƙunci. Idon da ya saba da ginin ƙasa mai kauri da azara zai iya ganin katako da tsatsattsen kwano ya ɗauka gidajen talakawa ne, alhali a ƙarni na 19 kwano da katakon Turai su ne ƙarshen nuna arziki. Bayan Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, attajiran Efik sun koma fitar da manja, wanda masana'antun Ingila ke bukata domin sabulu da kyandir da man injina, kuma bayin da a da ake sayarwa aka tura su gonaki. Da kuɗin manja suka riƙa yin odar gida sukutum daga Liverpool ko Glasgow. A can ake yanka katako a auna, a haɗa gidan a gwada, a sake kwance shi a loda a jirgi, kafintoci su ɗaure shi a nan. A 1843 wani maƙeri na Liverpool, William Laycock, ya ƙera wa Sarki Eyamba na Biyar gidan bene na ƙarfe, wanda sai da mutanen Liverpool suka yi kallonsa kafin a ɗauko shi. Wannan gida ya daɗe da shuɗewa, amma ya nuna cewa sarakunan garin sun riga gwamnatin Turawa shigo da irin wannan gini da shekara arba'in.

Wanda ya rage kuma ya fi shahara shi ne gidan Cif Ekpo Ekpo Bassey da ke titin Boco, wanda aka kawo a 1886, aka kuma sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959. Ya sha wuya ƙwarai a hannun ruwa da gara da rashin kulawa, don haka a dube shi daga waje, kada a taka bene ko matakala sai masu gidan sun tabbatar za su ɗauki mutum. A ganina halin da wannan gida ya shiga abin kunya ne ga hukumomin da aka ɗora wa kula da shi, domin sanya gini a takarda ba ya hana rufi yoyo.

Ga yadda ake duban irin waɗannan gidaje. A fara daga ƙasa, a ga yadda aka ɗaga su a kan ginshiƙai na ƙarfe ko na bulo domin katako ya rabu da danshi da gara, iska kuma ta ratsa ta ƙarƙashi. Sau da yawa ƙasan sito ne ko wurin ciniki, maigida yana zaune a sama. Sannan a dubi baranda mai faɗi da ke kare bango daga rana da feshin ruwa, da tagogi masu jerin filayen katako da ke barin iska ta shiga ko da an rufe su, da rufi mai gangara sosai wanda bakinsa ya zarce bango. A jikin ginshiƙan ƙarfe da makarin baranda a nemi tambarin masana'antar da ta zuba su, in akwai, domin shi ke faɗin garin da kayan suka fito. Daga nan a leƙa bayan gidan, in an ba da izini, domin benen Turai fuska ce kawai ta gidan attajiri. A bayansa ake samun tsarin Efik na asali, ɗakuna a kewaye da tsakar gida, inda mata da 'ya'ya da barori ke zaune, tun da a wurinsu gida ƙungiya ce ta ciniki da ta haɗa dangi da bayi a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Yawancin waɗannan gidaje har yanzu na iyalai ne, saboda haka a yi sallama, a gaida dattijon gidan, a faɗi abin da ya kawo mutum kafin a fito da waya.

Wani abin lura shi ne cewa waɗannan attajirai sun iya rubutu tun kafin a buɗe makarantar mishan ko ɗaya. Sukan tura 'ya'yansu Liverpool su koyi lissafi da Turanci, kuma ɗaya daga cikinsu, Antera Duke, ya bar kundin abubuwan da ya rubuta kullum daga 1785 zuwa 1788 cikin Turancin kasuwa, wanda masana tarihi ke dogara da shi har yau.

Tudun mishan

A saman unguwar akwai majami'ar Duke Town, wadda asalinta ke komawa 1846, shekarar da ɗan mishan Hope Waddell ya iso tare da ayarin da ya haɗa da Kiristoci baƙar fata daga Jamaika. Sarki Eyamba na Biyar da Sarki Eyo Honesty na Biyu ne suka nemi a turo malamai, kuma bukatarsu ta fi karkata ga ilimi da sababbin sana'o'i. Ayarin ya zo da injin buga littattafai, kuma zuwa 1868 an kammala fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista cikin harshen Efik.

A maƙabartar mishan da ke kusa ake samun kabarin Mary Slessor, 'yar Sikotland da ta bar aikin masaƙa a Dundee ta iso nan a 1876, ta rasu a Janairun 1915. Kowane ɗan makaranta a Najeriya ya san ta da hana kashe tagwaye, kuma ta yi aikin da ya cancanci yabo, musamman a yankin Okoyong da ke arewa da Kalaba, inda ta zauna tun 1888. Amma a saurari labarin da kunnen basira, domin an fara wannan gwagwarmaya tun kafin zuwanta, kuma da hannun masu garin. Dokar Ekpe ce ta haramta kashe mutane a jana'izar manya a 1850, da goyon bayan Sarki Eyo, shekara 26 kafin ta sauka daga jirgi. Da aka karya dokar a Obutong, jirgin yaƙin Birtaniya ya ragargaza garin da igwa a 1855, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa ba a samun tsofaffin gine-gine sosai a can.

Tudun gwamnati

A nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Ginin da ake kira Old Residency an ƙera shi a Birtaniya, aka kawo shi a 1884, aka kafa shi inda mazauninsa zai riƙa ganin duk jirgin da ya shigo kogi. Bangonsa na jan katakon ƙasashen arewacin Turai ne, kuma duk siffofin da aka gani a Duke Town suna nan, sai dai a faɗaɗe kuma a gyare. A tsaya a barandar sama a dubi unguwannin da aka baro a ƙasa, nan take za a gane dalilin zaɓen wurin. A watan Satumban wannan shekara ta 1884 ne ƙaramin jakadan Birtaniya Edward Hewett ya ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan Tsohuwar Kalaba, daga nan garin ya zama hedikwatar yankin da aka kira Kogunan Manja, sannan ta Gaɓar Neja daga 1893, sannan ta Kudancin Najeriya daga 1900.

Yau ginin gidan tarihi ne na ƙasa, kuma ƙarfinsa yana cikin takardu da hotuna, don haka mai gaggawa ba zai amfana ba. A ware awa biyu ko uku, a karanta bayanan cinikin manja da kuɗaɗen tagulla da yarjejeniyoyi. A nemi sashen Oba Ovonramwen na Benin, wanda Turawa suka kawo nan gudun hijira na dole bayan sun ci birninsa a 1897, ya rasu a Kalaba a Janairun 1914, watan da aka haɗe Arewa da Kudu. Yarjejeniyar 1884 ma ba tsohuwar takarda ce kawai ba, domin da ita Najeriya ta kafa hujja a shari'ar Bakasi, tana cewa Birtaniya kariya ta yi alkawari, ba ta da ikon miƙa wa Jamus ƙasar a 1913. Kotun Duniya ba ta karɓi hujjar ba a hukuncinta na 2002, aka kammala miƙa yankin ga Kamaru a 2008. Har yanzu maganar tana sosa ran mutanen garin, gara baƙo ya saurara fiye da ya yi sharhi. Da yake akwai gidajen gwamnati da jami'an tsaro a kewayen tudun, a tambaya kafin a ɗauki hoto a waje.

Daga nan sai makarantar Hope Waddell, wadda aka buɗe a 1895 domin koyar da kafinta da gini da ƙira da ɗab'i tare da karatun boko. Tsohon benenta ma a jirgi ya zo daga Glasgow. Nnamdi Azikiwe da Akanu Ibiam sun yi karatu a cikinta, kuma wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta a tarihin Najeriya, a 1904, tsakanin 'yan makarantar ne da ma'aikatan wani jirgin yaƙin Birtaniya. Makaranta ce mai ɗalibai har yau, sai a nemi izini a ofis.

Mai lura zai tambayi dalilin da ya sa garin da ya riƙe irin wannan matsayi bai bunƙasa kamar Legas ba. A 1906 aka mayar da hedikwata Legas, sannan aka kafa Fatakwal daf da Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ja mata layin dogo zuwa kwal ɗin Inugu, Kalaba kuwa ba ta taɓa samun jirgin ƙasa ba, ga kuma hanyar ruwanta mai cikewa da yashi da ke hana manyan jirage shigowa. Ta zama wuri mai nisa, har a kurkukunta aka tsare Obafemi Awolowo kafin Janar Gowon ya sake shi a 1966. Wannan koma baya ne ya ceci tsofaffin gidajen, domin ba a sami kuɗin rushe su a gina sababbi ba.

Tsallaka kogi

A rana ta uku a shiga jirgin ruwa mai inji daga bakin Marina zuwa Creek Town, garin Sarki Eyo Honesty. Tafiyar ba ta da tsawo, kuma ita ce kaɗai hanyar ganin Kalaba yadda matuƙan jiragen da suka gan ta, da ratsa dazukan bakin ruwa da kwalekwalen fatake ke bi. Garin ƙarami ne kuma shiru, amma yana da tsohuwar majami'a da kaburburan 'yan mishan na farko, kuma shi ne mahaifar Margaret Ekpo, 'yar gwagwarmayar 'yancin mata, da Hogan Bassey, wanda ya zama zakaran damben duniya a 1957. A fara kai gaisuwa wurin masu gari kafin a shiga yawo, domin kayan tarihi da yawa suna hannun iyalai ne ba a gidan gwamnati ba. A nemi rigar kariya kafin a hau jirgi, kada a shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima, kuma tun da safe a tambayi lokacin tashin jirgin ƙarshe, domin wanda ya rasa shi sai ya zagayo ta hanyar mota ta Odukpani, wadda ta fi nisa sosai.